Wa Ya Yanke Mana Intanet a Jos?

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, Musulmi suna azumi na huɗu, Kiristocin gari ma suna cikin nasu azumin na kafin Ista, sai aiki ya tsaya cak a Jos ba tare da an ji ƙarar komai ba. Tun da hantsi masu POS na Terminus da titin Ahmadu Bello suka fara ɗaga na'urorinsu sama suna neman sabis. A kasuwar Farin Gada, mai sari ya tura kuɗin tumatir, an cire a asusunsa, alat bai shigo wa mai kaya ba, su biyun suka tsaya a kan kwando suna rantse-rantse da azumi a baki. A shagunan kwamfuta na titin Bauchi, ɗalibai suka yi cirko-cirko a bayan mai buga takardu, shafin da suka zo cikewa yana ta juyi ya ƙi buɗewa.

"Ɗana, sake gwadawa mana, cefanen buɗa-baki zan yi."

"Wallahi Mama, ba daga wajena ba ne. Netwok ne."

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da barin kuɗi a waya, har mai ƙosai da mai keke suna karɓar tiransifa. Saboda haka a ranar, wanda yake da dubu ɗari a banki da wanda ba shi da sisi duk ɗaya suka zama.

Amma ba cefane kaɗai ya dami mutanen Jos ba. A wani garin, ɗaukewar sabis takaici ne kawai. A nan, tambayar da ke fara zuwa baki ita ce, "Lafiya kuwa?" Garin da ya ga Satumban 2001, da Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, da Janairun 2010, da dokar hana fita ta Agustan 2021, ba ya ɗaukar shiru da wasa. Ga kisan da aka yi a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023 bai cika wata uku ba, ga dokar hana fita da aka sa a Mangu a Janairu. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai, har an yi zanga-zanga a Minna da Kano a Fabrairu. Zuciyar kowa a kusa take. Na ji dattijo yana ce wa ɗansa, "Kira yayanka a Bukuru, ka ce ya rufe shago ya dawo gida." Bai ga komai ba, bai ji komai ba. Wayarsa ce kawai ta daina shigo da saƙo.

Ni da kwamfuta nake neman abincina, kuma a ranar akwai aikin da ake jira in tura. Da na ga ba zai tafi ba, sai na koma bin sawun waɗanda ake zargi, ɗaya bayan ɗaya.

Wuta aka fara ɗora wa laifi, kamar kullum. Wannan bai ɗau lokaci ba: shagon da ke da janareta da wanda ke da sola duk sun tsaya tare.

Na biyu ya fi kama hankali. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba zuwa 28 ga Fabrairu, kuma an rufe da yawa. Mutane suka ce ai ga shi an zo kan kowa. To amma layin da aka rufe ba ya iya kira, mu kuwa muna kira, ana jinmu raɗau. Sannan ofisoshin da intanet ɗinsu ke shigowa ta waya a bango, ba ta sim ba, su ma suna kuka. NIN ya fita daga zargi.

Na uku shi ne wanda ya fi yawo a bakin mutane, kuma shi ne ya fi haɗari: gwamnati ce ta kashe, don akwai abin da ba a so mu sani. Ban ga laifin mai wannan zato ba, domin yana da hujja a tarihi na kusa. A Yunin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. A Satumban 2021 NCC ta sa an kashe sadarwa a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. An taɓa yi, za a iya sake yi. Sai dai kowane irin kashewa yana barin alamarsa. A Zamfara, turakun sadarwa aka kashe, waya ta zama fanko, babu kira babu saƙo, mutane suna tafiya har wata jiha don su gaisa da iyali. Namu turakun suna aiki, sandunan sabis a cike suke a fuskar waya. A lokacin Twitter kuwa ƙofa ɗaya aka rufe, matasa suka zagaya ta VPN. A wannan ranar ba manhaja ɗaya aka toshe ba, komai ne ya yi nauyi: wani shafi ya buɗe da ƙyar, wani ya ƙi sam, manhajar banki ta shiga ta tsaya a tsakiya. Mai son ɓoye labari ba ya barin WhatsApp yana ɗingishi ya je ya kashe na'urar mai POS.

Abin da ya ƙarasa rushe wannan zargi daga wajen ƙasa ya zo. Hausawan Jos suna da dangi da abokan ciniki a zangon Kumasi da Akara, da Kwatano, da Abijan. Waɗanda suka samu suka yi magana da su sun ji kuka iri ɗaya, nasu ma ya fi namu, domin a Kodebuwa da Laberiya da Benin kusan duhu aka shiga. Har Afirka ta Kudu an ji a jika. Babu gwamna ko shugaban ƙasar da hannunsa zai kai Gana da Kodebuwa da Filato a safiya ɗaya.

Akwai wani mai laifin da muka saba da shi, wato katafila. Masu aikin hanya ko masu haƙa kwata sukan tsinke wayar da aka binne a gefen titi, ɓarayi ma sukan tone ta suna zaton tagulla ce. Amma irin wannan unguwa yake kwantarwa ko gari, ba ƙasashe ba.

Wani ƙanina mai gyaran kwamfuta ne ya nuna mini inda sawun ya nufa. Akwai umarnin da ake bugawa a kwamfuta, ta lissafo maka duk tashar da saƙonka ya yada zango kafin ya kai inda aka aike shi. Ya buga, muka ga saƙon ya bar Jos lafiya, ya ratsa tashoshin cikin gida, daga nan layukan suka koma taurari, alamar ba amsa.

"Yaya, matsalar ba a Jos take ba," in ji shi. "Ba ma a Najeriya take ba. Daga Legas zuwa waje ne hanya ta toshe."

Sai ga wata alamar: wasu layukan waya suna aiki sumul, maƙwabcinka yana kallon bidiyo kai ko hoto ka kasa saukewa. Kamfanin Globacom ya fito ya ce wayarsa ta ƙarƙashin teku, Glo-1, ba abin da ya same ta. Ashe batun waya ne, kuma a teku.

A nan ne yawancinmu muke da kuskuren fahimta. Saboda muna ganin turaku a kan duwatsun Jos, muna ɗaga waya sama, sai mu ɗauka saƙo ta iska yake tafiya har tauraron ɗan'adam. Iska ɗan gajeren zango kawai take ɗauka, daga hannunka zuwa turke mafi kusa. Daga nan saƙon yakan shiga zaren gilashi siriri ƙwarai, ya zama walƙiyar haske, ya bi wayoyin da aka binne a gefen manyan hanyoyi kusan kilomita dubu har Legas. A bakin tekun Legas sai ya nutse, ya bi wayar da aka shimfiɗa a ƙasan Atilantika zuwa Fotugal ko Ingila ko Faransa. Sama da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin da ke ƙetare nahiyoyi ta irin waɗannan wayoyi suke bi. A zurfin teku kaurin wayar bai wuce na tiyon ban-ruwan lambu ba. Jos tana zaune a tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, da yawan 'ya'yanta ba su taɓa ganin teku ba, amma cinikin Terminus a kan wannan waya yake rataye.

Wannan kuma ya bayyana dalilin da wasu abubuwa suka buɗe wasu suka ƙi. Manyan kamfanoni irin su Google suna ajiye kwafin abin da aka fi nema a rumbunan da ke cikin Najeriya, don haka ba sai an ƙetare ruwa ba. Amma duk aikin da rumbunsa yake Turai ko Afirka ta Kudu, dole ya bi teku. Microsoft ya sanar cewa ayyukansa sun samu tangarɗa a yankin, bankuna da dama kuma suka aika wa masu asusu ban-haƙuri.

Kafin dare NCC ta fitar da sanarwa, sunayen suka bayyana. Wayoyi huɗu ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mafi yawan ɓarnar a kusa da Abijan: SAT-3, dattijuwar cikinsu, wadda ta fara aiki a 2002, MainOne, wadda Funke Opeke ta kafa kamfaninta, aka jawo ta kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas a 2010, sai WACS da ACE, dukansu na 2012. Da ɗaya ce ta tsinke, da ba mu ma sani ba, domin sauran za su ɗauke mata kaya. Huɗu a safiya ɗaya, shi ya durƙusar da mu.

To wa ya yanke su? Nan ma zato ya tashi. Makonni uku kafin nan, a ƙarshen Fabrairu, wayoyi uku sun lalace a Bahar Maliya, inda mayaƙan Huthi na Yaman suke kai wa jiragen ruwa hari saboda yaƙin Gaza. An fi zargin ƙarfen tsayar da jirgin Rubymar, wanda aka harba, ma'aikatansa suka bar shi yana yawo a ruwa kafin ya nutse. Sai wasu suka ce hannun da ya yi can shi ya yi nan. Gaskiya ne abin Bahar Maliya ya ƙara mana nauyi, domin hanyar gabas da za a karkata saƙonni ta can ita ma ta riga ta raunana. Amma MainOne ya bayyana cewa wayarsa ta tsinke ne a zurfin kusan kilomita 3, nesa da gaɓa, inda ƙarfen jirgi ko komar masunta ba sa kaiwa, kuma bincikensa na farko ya nuna motsin ƙasa ne a gindin teku. A gaban Abijan akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin ruwa da ake kira Trou Sans Fond, wayoyin kuma suna ratsa yankinsa kusa da juna. Masana sun fi karkata ga cewa laka da yashi ne suka zaftaro a can suka kwashe su. Ba sabon abu ba ne: a Janairun 2020 da Agustan 2023 zaftarewa irin wannan a kwazazzabon bakin kogin Kongo ta tsinke WACS da SAT-3.

Ba gwamna, ba soja, ba ɗan ta'adda. Ga dukkan alamu laka ce ta motsa a wurin da hasken rana bai taɓa kaiwa ba, aka rufe shaguna a Bukuru.

Sauƙi ya zo kafin gyara. Kamfanoni suka sayi hanya a wayoyin da suka tsira, musamman Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022, kuma ranar 18 ga Maris NCC ta ce an dawo da kimanin kashi 90 cikin 100. Gyaran kansa ya ɗauki makonni. Jiragen da ke wannan aiki kaɗan ne a duniya. Ɗaya daga cikinsu, Léon Thévenin, daga Kef Tawun ya taso. Sai an gano daidai wurin, a zura ƙugiya a jawo bakin wayar sama, a haɗa zarurrukan gilashin ɗaya bayan ɗaya a cikin jirgi, a gwada, sannan a mayar. Ba a kammala duka ba sai cikin Afrilu da Mayu.

Masu cewa da siyasa a ciki ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, wurin da suka duba ne ba daidai ba. Siyasar tana cikin taswirar wayoyin. Kusan duk ƙofofin Najeriya zuwa duniya a Legas suke. Sai a Fabrairun 2024 wayar 2Africa ta sauka a Akwa Ibom. Arewa kuwa tana can ƙarshen layi, duk abin da ya sami hanyar kudu ya same ta. Bankunanmu da makarantunmu da ofisoshinmu sun kwashe ayyukansu sun kai intanet, ba tare da an tanadi hanya ta biyu ba. A Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin ministan sadarwa, Bosun Tijani, na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi a faɗin ƙasa. Haƙƙin wakilan Filato ne a Abuja su tambaya kilomita nawa za su ratsa jiharsu, kuma yaushe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sa'o'in da ke tsakanin ɗaukewar sabis da fitowar bayani. Sanarwar da Turanci ta fito, kuma a intanet ɗin da ya mutu aka fara sa ta. Mai kwandon tumatir da dattijon da ya kira ɗansa gida ba su gan ta ba. A garin da jita-jita ta sha jawo asarar rai, wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Ina roƙon NCC da kamfanonin waya, duk ranar da irin haka ta sake faruwa, su aika gajeren saƙon tes, wanda ba ya buƙatar data, da Hausa da Turanci a cikin sa'ar farko. Gidajen rediyon Jos kuma su katse shiri su karanta shi, da Hausa da Birom da Ngas da sauran harsunan Filato.