Fasaha da Al'adun Gado a Rayuwar Likitan Ƙwaƙwalwa

Likitan ƙwaƙwalwa mai warkarwa ta hanyar tattaunawa ba shi da kayan aikin da ya wuce kunnensa da zuciyarsa. Yakan wuni yana sauraron baƙin cikin mutane da fargabarsu, har da abin da suka kasa faɗa wa iyayen da suka haife su. Nauyin nan taruwa yake yi, shi ya sa da dama daga cikin masu aikin ke kama zane ko rubutu ko kiɗa domin su sauke shi, su kuma san kansu.

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, ya shiga ruɗani bayan sun raba gari da abokin aikinsa Sigmund Freud a 1913. Sai ya riƙa rubuta mafarkansa da abin da zuciyarsa ke nuna masa, yana zana su da launi a wani babban littafi mai jan bango, ya shafe kimanin shekara 16 a kansa. Ba a buga littafin ba sai 2009. Abin da ya gwada a kansa shi ya koya wa marasa lafiyarsa, yana sa su zana abin da baki ya kasa furtawa.

Al'adar gado kuwa ita ke gyara wa likita kunne. Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta, ya yi karatu a Birmingham da asibitin Maudsley na Landan, ya dawo gida ya kama aiki a asibitin Aro a 1954. Ingila ta ba shi ilimin magani, amma tasowa cikin Yarabawa ce ta sanar da shi cewa raba mara lafiya da danginsa ƙara masa ciwo ne. Don haka ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, abin da ba kowane likitan zamanin ne zai yarda ya yi ba.

Ba duk abin da aka gada ne ke da amfani ba: ɗaure masu taɓin hankali da mari ma tsohuwar al'ada ce, kuma balagar likita tana cikin iya tantance wanda za a riƙe da wanda za a yar. Daga baya Lambo ya riƙe muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.