Kwarin Kogin Ron da Ƙwaron da Ya Kusa Ƙarar da Inabinsa

Gabatarwa

A kantunan sayar da giyar inabi na ƙasar Faransa, akan iske kwalabe biyu jere a wuri guda, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na 'yar'uwarta sau goma ko fiye. Dukkansu kuwa daga kwari ɗaya suka fito, watau kwarin Kogin Ron, wanda Faransawa ke rubutawa Rhône. Abin da ya raba su shi ne sunan wurin da aka buga a kan takardar da ke manne a jikin kwalbar.

Sanin kowa ne cewa addinin Musulunci ya haramta giya, kuma tun shekarar 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wannan ciwo. Duk da haka, tarihin yadda sunan wuri ya zama abin saye da tsada a wannan kwari yana ƙunshe da darussa masu amfani ga ɗalibin kimiyyar noma, game da ƙasa, da iska, da ƙwari, da auren itatuwa.

Kogin da Ƙasarsa

Kogin Ron ya taso ne daga ƙanƙarar tsaunukan ƙasar Suwizalan, ya ratsa Tafkin Janeba, ya shiga Faransa, ya bi ta birnin Liyon, sa'an nan ya miƙa kudu har ya faɗa Bahar Rum. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 800. Gonakin inabin da ake magana a kansu suna gefensa biyu, daga garin Vienne zuwa birnin Avignon, tafiyar kimanin kilomita 200, kuma sun kasu gida biyu.

A arewa, kwarin matsattse ne. Gonakin suna rataye a jikin gangaren tuddai na dutsen giranit, har sai da manoma suka gina ƙananan katangu hawa-hawa don tare ƙasa kada ruwan sama ya wanke ta. Tarakta ba ta iya hawa da yawa daga cikin waɗannan gonaki, saboda haka da hannu ake noma, da hannu ake tsinka, wannan kuwa yana daga cikin dalilan tsadar abin da ke fitowa daga wurare irin su Côte-Rôtie da Hermitage. Tudun Hermitage gaba ɗayansa bai kai hekta 140 ba. Baƙin inabin da ake nomawa a nan iri ɗaya ne, ana kiran sa Syrah.

A kudu kwarin ya buɗe, zafi ya ƙaru, irin da ya fi yawa kuma shi ne Grenache, wanda ake gaurayawa da wasu. Sunan da ya fi shahara a nan shi ne Châteauneuf-du-Pape, ma'ana sabuwar fadar Fafaroma, domin daga 1309 zuwa 1377 mazaunin Fafaroma yana Avignon ne. Wasu gonakin wurin lulluɓe suke da mulmulallun duwatsu waɗanda kogin ya gangaro da su tun zamanin dā. Duwatsun suna shan zafin rana su sake shi da dare, suna kuma rage ƙafewar laimar da ke ƙarƙashinsu. Bugu da ƙari, akwai wata busasshiyar iska mai ƙarfi da sanyi da ake kira mistral, wadda ke bin kwarin daga arewa kamar iskar hunturu. Takan karya rassa, amma tana busar da ganye bayan ruwan sama, ta rage cututtukan da ke son laima.

Abin da ke Faruwa Cikin Tulu

Idan aka matse nunannen inabi aka ajiye, wasu ƙananan halittu da ake kira yis sukan cinye sukarin da ke cikin ruwan, su mayar da shi sinadarin itanol da iskar kabon. Irin wannan aiki ne ke sa ƙullin burodi ya kumbura. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya nuna cewa aikin halittu masu rai ne, ya kuma gano cewa wasu ƙwayoyin ne dabam ke sa giya ta yi tsami ta lalace. A 1865 ya yi rajistar dabarar ɗumama ta don kashe su. Daga baya aka ɗauki dabarar zuwa ga madara, inda ta ceci rayukan yara masu ɗimbin yawa.

Ruwan mafi yawan baƙin inabi ba shi da launi. Jan launin giyar daga ɓawon 'ya'yan yake fitowa, haka ma sinadarin tanin mai sa baki ya yi bauri, wanda shi ne dai sinadarin da majema ke nema a cikin bagaruwa.

Zuwan Ƙwaro

A shekarar 1863, manoman ƙauyen Pujaut da ke kusa da Avignon suka lura kurangunsu suna ramewa. Ganye ya yi ɗorawa ya zube, bayan shekara biyu ko uku kuranga ta mutu, ciwon kuma yana faɗaɗa daga tsakiyar gona zuwa gefe kamar ɗigon mai a jikin tufa. In aka tono matacciyar kuranga, sai a tarar da ruɓaɓɓun saiwoyi kawai, ba a ga mai laifi ba. Wasu suka ɗora wa fari, wasu suka ce ƙasa ce ta gaji.

A watan Yuli na 1868, wani kwamiti na mutum uku, wanda ya ƙunshi Jules-Émile Planchon, shehun malamin ilimin tsirrai a Montpellier, da Gaston Bazille, da Félix Sahut, ya ziyarci wata gona da cutar ta kama. A nan aka tono kurangar da ke da sauran lafiya, aka duba saiwarta da madubin ƙara girma, sai ga dubban ƙananan ƙwari masu ruwan ɗorawa sun manne suna tsotsa. Ashe kafin kuranga ta mutu ƙwaron ya riga ya ƙaura zuwa ta kusa da ita. Wannan darasi ne ga duk mai bincike: wanda ke neman sanadin cuta ya duba inda take farawa, domin inda ta gama ɓarna sau da yawa babu sauran shaida.

Ƙwaron, mai suna filoksera, dangin darɓa ne, tsawonsa kimanin milimita ɗaya. Yana huda saiwa ya tsotsi ruwanta, wurin ya kumbura, ƙwayoyin cuta su shiga ta raunin su ruɓar da ita. Charles Riley, masanin ƙwari na jihar Misuri a Amurka, ya taimaka wajen tabbatar da cewa asalinsa daga gabashin Amurka yake, ya shigo Turai ne a jikin kurangun da masu sha'awar tsirrai suka yi oda. Ɓarnar da ya yi ba kaɗan ba ce. A 1875 Faransa ta samar da giyar inabi lita biliyan 8.4, amma a 1889 abin da ta samu bai wuce biliyan 2.3 ba. Ƙauyuka suka talauce, iyalai da dama suka yi ƙaura zuwa birane, wasu zuwa Aljeriya.

Magani a Gidan Cuta

Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga wanda ya samo magani, amma ba a taɓa biyan kowa ba. An gwada ɗura wani sinadari mai guba cikin ƙasa, sai dai yana da tsada da haɗarin gobara, kuma sai an maimaita kowace shekara. An gwada malale gona da ruwa na kimanin kwana 40 a lokacin sanyi, ya yi aiki a fadama, amma wa zai kai ruwa kan tudu? An kuma lura ƙwaron ba ya rayuwa cikin rairayi.

Mafita ta zo ne daga wata tambaya mai sauƙi: in daga Amurka ƙwaron ya fito, me ya hana shi ƙarar da inabin dajin Amurka? Amsar ita ce sun daɗe tare, har saiwar wasu daga cikin kurangun can ta sami hanyar toshe raunin da wani ɓawo kafin ruɓa ta shiga. Sai dai 'ya'yansu ba su yi wa Turawa daɗi ba. Don haka aka koma ga dabarar da masu lambun mangwaro da lemo suka sani sarai, watau aure. A yanko reshen inabin Faransa, a ɗaura shi a kan gindin na Amurka, su haɗe su zama itace guda. Gindi ya jure wa ƙwaro, reshe kuma ya ba da 'ya'yan da aka saba da su, domin aure ba ya canza irin reshe.

Manoma da yawa sun ƙi da farko, suna ganin an ce su rungumi wanda ya kawo musu annoba. An kuma sami wata matsalar, domin gindin farko da aka kawo bai jure wa ƙasa mai yawan farar ƙasa ba. A 1887 aka aika Pierre Viala zuwa Amurka, inda wani masanin inabi na jihar Teksas, Thomas Munson, ya nuna masa nau'in da ke tsirowa a irin wannan ƙasa. A yau kusan kowace kurangar inabi ta Faransa, har da na tudun Hermitage, a kan saiwar Amurka take tsaye. Ƙwaron kuwa yana nan cikin ƙasa, ba a kawar da shi ba.

Daga Ƙwaro Zuwa Doka

Ƙarancin da annobar ta haddasa ya buɗe ƙofar algus. Aka riƙa jiƙa busasshen inabi da ruwa da sukari da rini ana sayarwa, aka riƙa ɗura giyar wani wuri a kwalba ana liƙa mata sunan wuri mai daraja. A 1889 aka yi dokar da ta ce ba a kiran abu giyar inabi sai wanda aka yi da ɗanyen inabi. A 1923 manoman Châteauneuf-du-Pape, a ƙarƙashin jagorancin Baron Pierre Le Roy, suka fara tsara wa kansu ƙa'idoji: iyakar ƙasar da ta cancanci sunan, da ire-iren inabin da aka yarda da su, da zubar da 'ya'yan da suka lalace. A kan irin wannan harsashi aka kafa hukumar ƙasa a 1935, kuma a 1936 wurin ya shiga sahun farko na sunayen da doka ta kare, tsarin da aka sani da AOC.

Wannan shi ne abin da mai saye ke karantawa a jikin kwalba. In an rubuta Côtes du Rhône kawai, inabin yana iya fitowa daga ko'ina cikin faffaɗan yankin. In an ƙara kalmar Villages, ƙauyuka ne zaɓaɓɓu masu ƙa'idoji mafi tsanani. In kuwa sunan wuri guda ne, kamar Cornas ko Hermitage, to nan ne ƙololuwa. Duk lokacin da suna ya ƙara matsewa, yawan abin da aka yarda a samu daga hekta guda yakan ragu. A Châteauneuf-du-Pape iyakar ita ce lita 3,500, domin kurangar da ta ɗauki 'ya'ya kaɗan ta fi nunar da su sosai. Shekarar da aka buga kuma ta girbi ce, tunda damina ba ta zama ɗaya.

Kimiyya ta ci gaba da tace abin da ake faɗa wa masu saye. An daɗe ana cewa inabin Syrah daga birnin Shiraz na Iran ya zo, amma a ƙarshen shekarun 1990 binciken ƙwayoyin gado da masanan Jami'ar Kalifoniya da na Montpellier suka yi ya nuna cewa iyayensa biyu, Dureza da Mondeuse blanche, duk 'yan kudu maso gabashin Faransa ne.

Kammalawa

Abin da ya sami kwarin Ron ya sake faruwa a Afirka. A shekarun 1970 wani ƙwaro daga Kudancin Amurka ya auka wa rogo, masanan cibiyar IITA ta Ibadan kuma suka shawo kansa da wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka samo daga mahaifar ƙwaron. Haka nan tsarin kare sunan wuri ya iso, domin a 2013 barkonon Penja na Kamaru ya sami irin wannan rajista, daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka bi sahu. Malamin da ke son ɗalibansa su ga wannan darasi da idonsu yana iya kai su lambu mafi kusa, ya nuna musu tabon aure a gindin mangwaro, sa'an nan ya tambaye su abin da gindin ke yi wa reshe, da abin da zai faru in aka binne tabon cikin ƙasa har reshen ya fitar da tasa saiwar.