Yadda lamba ɗaya ta raba iskar da ke kisa da ta cikin lemon kwalba

Lokaci zuwa lokaci akan ji labarin iyalan da suka kwanta barci da janareta a kunne a cikin gida, gari ya waye an tarar da gawarwakinsu. Iskar da ke yin wannan ɓarna ana rubuta ta CO. Ita kuwa wadda ke sa lemon kwalba kumfa, CO₂ ake rubuta ta.

Wannan ƙaramar lamba 2 tana nufin ƙwayoyin oksijin biyu ne suka kama kabon ɗaya. Idan man fetur ko gawayi bai samu isasshiyar iska wajen ƙonewa ba, sai kabon ya tashi da oksijin ɗaya kacal, a samu CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke yi sau sama da 200.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ne ya kawo tsarin rubuta sinadarai da haruffa a wajajen 1813. Ya ɗauko su ne daga sunayen Latin, shi ya sa ƙarfe ya zama Fe. Na da ke cikin NaCl, wato gishirin miya, ya samo asali ne daga sunan natron, ɗan uwan kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi.

Inda ɗalibai masu shirin WAEC da NECO suka fi tuntuɓe shi ne wajen sanya lambobin. Da yawa haddace su suke yi kamar karatun allo, alhali ƙa'ida ce mai sauƙi. Kowane sinadari yana da adadin hannuwan da yake kama wani da su, kuma dole hannuwan ɓangarorin biyu su zo daidai. Sodiyam hannu ɗaya, kilorin hannu ɗaya, sai a samu NaCl. Kalsiyam yana da biyu, don haka yana buƙatar kilorin biyu: CaCl₂. Alminiyam uku, oksijin biyu, sai a yi musayar lambobin a samu Al₂O₃, hannu shida ke nan kowane ɓangare.

Idan lambobin suka zo iri ɗaya, kamar kalsiyam da oksijin, CaO ake rubutawa. Amma kada ɗalibi ya ɗauki wannan ragewa ya kai ta ko'ina. H₂O₂, ruwan da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo, haka yake zama da lambobinsa. Ƙwayar oksijin ɗaya ce ta raba shi da ruwan sha, H₂O.

Sai batun baka. OH rukuni ne da ke tafiya tare, kuma kalsiyam yana buƙatar biyunsa, shi ya sa ake rubuta Ca(OH)₂. Wanda ya manta bakar ya rubuta CaOH₂ ya ninka haidirojin kaɗai, ya bar oksijin. Irin wannan baka ce ke cikin CO(NH₂)₂, wato takin yuriya da manoma ke zuba wa masara.

Hatta girman harafi yana canza magana. Mai rubutu a waya da ya sa Co a maimakon CO, ya rubuta kobal ne, ƙarfen da ake haƙowa a Kwango ana sawa a batirin wayar da ke hannunsa.