Zauren Beli Ya San Keke, Ofishin Birni Ya Manta Da Shi

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya shiga garin Beli, a Ƙaramar Hukumar Rogo ta Jihar Kano, da wuya ya leƙa zaure biyu ko uku bai tarar da keke a jingine ba. Da shi manomi ke kai taki gona, da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, da shi ake ɗauko buhun masara ran kasuwa. Mai gida bai taɓa kwana da tunanin inda zai ajiye shi ba, domin magininmu na gargajiya ya riga ya warware wannan matsala: ga inuwa, ga ƙofa, ga idon jama'a.

To, amma yaron Beli da ya yi karatu ya sami aiki a birnin Kano, wani hali dabam yake tararwa. An zana wa motar kowane babba wurinta, har da rumfar kwano, shi kuwa mai keke sai ya ɗaure abinsa a jikin bishiya ko turken lantarki, ya bar wa maigadi amana, ya shiga ofis jiƙe da gumi, zuciyarsa tana waje. Wanda aka yi wa haka sau biyu, ran na uku sai ya nemi bashin babur.

A dā ba haka abin yake ba. Akawu da malamin makaranta da masinja duk keke suke hawa, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, sai mota ta zama ma'aunin mutum, masu zanen gine-gine kuwa suka bi sahu. A 2001 Ministan Sufuri, Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, amma wata mota ta ture shi. Kira kaɗai ba ya isa muddin hanya da gini ba su yi wa mai keke tanadi ba.

Janye tallafin mai a ran 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya sa tilas a sake duban wannan al'amari. Abin da ake bukata kuwa ba mai tsada ba ne, watau rumfa kusa da ƙofar shiga, inda maigadi ke gani. Ƙarfe kafaffe da za a sa wa sarƙa da kwaɗo. Gangare a gefen matakala. Makewayi da famfon ruwa inda ma'aikaci zai wanke jiki ya sauya riga. Sai ɗan wuri ga mai faci. Filin mota guda yana ɗaukar keke takwas zuwa goma.

Wasu ƙasashe sun yi nisa. A birnin Utrecht na ƙasar Holan, an kammala ma'ajiyar kekuna 12,500 a tashar jirgin ƙasa cikin 2019. Mu ba sai mun kai can ba. Ya kamata hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wadda ke sa hannu a kan taswirar gini, ta daina amincewa da zanen ofis ko makaranta ko asibiti ko kasuwa sai an nuna mata mazaunin keke, kamar yadda ake nuna na mota. Ƙananan hukumomin Rogo da Ƙaraye ma suna iya farawa daga sakatariyoyinsu, tun kafin mutanensu su koyi raina abin da ke kai su gona ba tare da ko kwabon mai ba.