Sanin Aikin Direban Jirgin Ƙasa Kafin Ƙera Masa Na'ura

Jama'a, maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa na'urar tsaro ta jirgin ƙasa ba ta cika aikinta sai wanda ya ƙera ta ya san halin wanda zai yi aiki da ita. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, mai ɗaki a nan shi ne direba da gadi, waɗanda ke kwana su tashi a kan dogo.

Bari mu fara da Ingila. Can akwai wata na'urar gargaɗi a kan jirgi. In fitilar da ke gaba koriya ce, sai ƙararrawa ta kaɗa. In kuwa ba koriya ba ce, sai ƙaho ya busa, direba ya danna maɓalli, in bai danna ba burki ya kama da kansa. Aibinta shi ne ƙaho ɗaya ne ga rawayar fitila mai cewa a yi hattara, da jar fitila mai cewa a tsaya. Direban da ke dannawa sau da yawa kullum, sai hannunsa ya riga tunaninsa. A shekarar 1999, a Ladbroke Grove kusa da tashar Paddington ta Landan, wani sabon direba ya wuce jar fitila, jirage biyu suka yi karo, mutum 31 suka rasu. Bincike ya nuna an riga an wuce wannan fitila tana ja har sau 8 cikin shekara 6, saboda wuyar ganinta.

Misali na biyu daga Ostareliya yake. A jiragen birnin Sidini an sa wani fedal wanda direba ke takawa. In ya suma ƙafarsa ta saki, sai jirgi ya tsaya. A shekarar 2003, kusa da Waterfall, ciwon zuciya ya kama direba, amma nauyin ƙafarsa ya ci gaba da danne fedal. Jirgi ya shiga kwana a guje ya kauce daga dogo, mutum 7 suka rasu. Watau an ƙera na'urar ne ba tare da an lura da bambancin jikin direbobi ba.

Darasin da ke nan a fili yake. Kafin a zana na'ura, wajibi ne injiniya ya hau kan jirgi ya zauna kusa da direba dare da rana, ya ga inda rana ke kashe masa ido, da lokacin da gyangyaɗi ke ɗibarsa. Haka kuma ya saurari ƙorafinsa ba tare da barazanar horo ba, domin wanda ke tsoron kora ba ya faɗin kuskurensa.

Wannan magana ta shafe mu. Jirgi ya iso Kano tun 1911, an kuma buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 da kayan aiki na ƙasashen waje. Maƙerin da bai taɓa ganin hazo da ƙurar hunturu ba, yaya zai san nisan da direbanmu ke hango fitila? Saboda haka ku ma'aikata masu sa hannu a takardun sayen kaya, da ku ɗalibai injiniyoyin gobe, ku tambayi direba tukuna.