Ko Kun Sani? Hitar Mota Ba Ta da Wutar Kanta

Ko kun san cewa ɗumin hitar mota daga ruwan lagireto yake fitowa? Ruwan da ya zagaya inji ya ɗau zafi shi ke bi ta tiyo zuwa wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. To, me ya sa Golf ɗin da ta taso daga Ɗambatta ko Bichi da asubar hunturu, lokacin da sanyi kan sauko wajen digiri 13 a watan Janairu, sai iska mai sanyi take busa wa fasinja?

Sau da yawa aikin bakanike ne. Don gudun zafin bazara, wasu kan cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har ya kai kusan digiri 85, sai inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, ga shan mai. Wasu kuma, da ƙaramin lagireton ya fara yoyo, sai su haɗe tiyonsa biyu, na shiga da na fita, a wuce wurin. Sauƙi ne, amma ba gyara ba ne. Ruwan rijiya da ake ɗurawa zalla ma kan tara tsatsa ya toshe ƙaramin lagireton.

Gwajin ba wuya: bayan inji ya yi zafi, kunna hita, ka taɓa tiyo biyun a hankali. Ɗaya zafi ɗaya sanyi, toshewa ce. Duka sanyi, duba yawan ruwa da tamostat. Amma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.