Wane Allon Lantarki Ya Dace da Aikinka a Sabha?

Ɗalibin Jami'ar Sabha da ke son haɗa na'urar da za ta riƙa kunna famfon ban-ruwa a gona, tambayarsa ta farko ita ce wane allo zai saya. Aikin ne zai ba shi amsa.

Idan auna laimar ƙasa ce kawai da kunna famfo, Arduino Uno ya isa. Ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 2 ce kacal, amma yana da sauƙin koyo. In ana son saƙo ya iso waya, ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ya fito a 2016, yana ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth. Sai dai da volt 3.3 yake aiki, Uno kuwa da 5. Wanda ya jona su kai-tsaye yana iya ƙona ESP32 ɗin.

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce mai Linux, daga katin SD take tashi. A gari irin Sabha, inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, katin na iya lalacewa in babu batir. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙura.

Don aikin gona a yankin Sabha, ni dai ESP32 zan ɗauka, kuma biyu zan saya, ko da ɗaya zai lalace.